Shirun da Na Yi a Bakin Rafi

Abbasiya, Alƙahira
Safiyar Litinin

Zuwa ga uwata, Dakta Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya kare ki daga sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba.

Na san za ki yi dariya ki ce Baba ya tsufa, tunda bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da barandar da nake zaune, amma sai na ɗauki biro. To ki yi dariyarki. Ke ’yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, saboda haka bakina nauyi yake yi a gabanki tun kina zanen goyo. Abin da zan faɗa kuwa ba ya faɗuwa da baki mai nauyi.

Wata huɗu ke nan da kika durƙusa a gabana kika ce an ɗauke ki aikin likitan soja a gida Najeriya. Kika nemi izinina, kika kuma roƙe ni in rubuta miki sunayen littattafan da ya kamata hafsa ta karanta, tunda ni ma na taɓa sa kaki. Ban ce miki e ba, ban ce a’a ba. Na ce, “To, za mu gani.” Jiya da la’asar mahaifiyarki ta ajiye mini shayi da ƙarfi har ya fantsala, ta ce, “Malam, jirgin yarinyar nan ranar Alhamis ne. In ba ta isa makarantar horon ba a ranar da aka ba su, wani za a ba gurbinta. Ta kuma rantse ba za ta taka filin jirgi ba sai ta ji daga bakinka. Ta haɗa jaka ta kwance, ta haɗa ta kwance. Kai kuwa kana nan kana kallon motoci kamar baƙo a gidan. Ka yi magana mana, khalas, a gama, kowa ya huta.”

Ta yi gaskiya, kamar yadda ta saba, kuma kada ki gaya mata na ce haka.

Littattafan suna cikin kwalin da na ajiye a ƙofar ɗakinki. Amma kafin ki buɗe shi sai na gaya miki yadda na koyi karatu, domin ta bayan gida na shiga harkar, kuma ba na so ki bi sawuna.

Lokacin da nake makarantar hafsoshi, ba wanda ya kai ni yawan littattafai. Na taso da allo, hadda ba ta yi mini wuya, sai na mayar da littattafan shugabanci kamar karatun tilawa. In haddace maganar wani janar da safe, in zazzage ta a wurin cin abinci da rana, in ga abokai sun yi tsit, in ji kaina ya yi girma. Har suna suka sa mini, wai Laburare. Ina jin daɗin sunan, ban gane zolaya ba ce sai da na girma. Na ci jarrabawa da maki mai kyau, na fito da anini a kafaɗa, amma ko layi ɗaya na abin da na haddace bai sauko daga kaina ya shiga ƙirjina ba. Saboda haka, uwata, kada ki karanta littafi don ki samu abin faɗa a cikin taro. In kin gama babi, ki rufe, ki tambayi kanki me zai canja a aikinki na gobe da safe. In babu, to ko dai littafin ne bai da komai, ko ke ce ba ki karanta ba tukuna.

Yanzu ga maganar da ban taɓa gaya miki ba. Kin taso kina jin cewa na bar soja ne saboda son karatun Larabci. Ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce.

Ina laftana, da damina, aka ba ni ayarin manyan motoci uku in kai kayan abinci wani sansani. Mataimakina shi ne Samanja Buba, mutumin garinmu, sa’an mahaifina. Ya ci goron sunana. A gaban sojoji yana sara mini yana cewa Yallaɓai, in mun keɓe kuwa sai ya ce ɗana, ni ma in ce Baba. Da hantsi muka iso wani rafi da ba shi da gada, sai daɓen siminti da ruwa ke bi ta kansa. A gefe akwai ƙarfen awo da aka shafa wa jan fenti, ƙa’idar kuwa ita ce in ruwa ya rufe jan, ba a shiga. Na san wannan ƙa’ida kamar sunana, har tambaya aka yi mana a kanta a jarrabawa na cinye makin duka. Na duba ƙarfen. Ruwa ya shanye jan, sai ɗan bakin ƙarfen ke leƙowa.

Samanja bai ko kalli wajen ba, idonsa ya soma rauni a lokacin. Ya ce, “Yallaɓai, mu wuce kawai. Shekara da shekaru ina ƙetare rafin nan, ko takalmina bai taɓa ci ba.” Sojoji suna tsaye suna kallonmu. Maganar tana bakina, wallahi har na ji ɗanɗanonta. Amma sai na ga furfurarsa, na tuna hannun nan ya taɓa ɗaukata ina jariri, na ji ba zan iya ƙaryata shi a gaban yara ba. Na ce, “To, yadda ka gani, Samanja.”

Mota ta farko ta haye. Ta biyu, wadda Kofur Isiya ke tuƙawa, tana kai tsakiya ruwa ya ɗaga bayanta ya juya ta. Waɗanda ke baya suka dira, aka jawo su. Isiya ya tsaya yana kokawa da sitiyari don ya ceci motar. Sai washegari bayan azahar muka same shi a cikin saiwoyin wata bishiya. Ya bar matarsa da ciki.

Ba a nan kuskuren ya tsaya ba. Da na zo rubuta rahoto sai na ce ambaliya ce ta zo ba zato. Aka karɓa, aka yi addu’a, aka ce ƙaddara. Ƙaddara ce, na yi imani, amma na ɓoye a bayanta kamar yaron da ya fasa tulu ya laɓe bayan uwarsa. Bayan ’yan makonni na ji Samanja ya daina cin abinci, yana ta cewa shi ya kashe yaron. Na je in ba shi haƙuri, ina cikin magana bakina ya suɓuce na ce ai ni ma na ga ruwa ya rufe jan. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, “Ashe ka gani? To me ya hana ka faɗa? Wallahi da ka ce tsaya, da na tsaya. Kai ne mai anini, ɗana. Don haka aka ɗora maka shi.”

Ban sake jin daɗin kaki ba daga ranar. Na ƙara shekara uku ina jan ƙafa, sannan na ajiye aiki, na nemi gurbin karatu, na kwaso mahaifiyarki da ke kina tatata muka taho nan.

Ki ji ni da kyau, Ummi. Mun tashi a gidan da yaro ba ya haɗa ido da babba, kuma ina alfahari da wannan tarbiyya, ita na ba ki. Amma ladabi daban, shiru daban. Na haɗa su wuri ɗaya, mutum ya mutu. Inda za ki, za a ba ki sajan-sajan da suka haife ki, da ma’aikatan jinya da suka fara ɗaure rauni tun ba a yi auren uwarki ba. Ki gaishe su, ki tambaye su, ki koya daga gare su, domin sun san abin da ba a rubuta ba. Amma ranar da idonki ya ga abin da nasu bai gani ba, ki faɗa, ko da muryarki tana rawa. Kuma in kin yi kuskure, ki rubuta shi yadda ya faru, da sunanki a ƙasa.

Na zo Alƙahira ina zaton na baro wannan magana a bakin rafi. Ashe a nan zan koyi karanta ta. Kin san rumfunan tsofaffin littattafai na wajen Ataba, inda nake kai ki kina ƙarama kina kukan a sayo miki rake. Ranar da na fara shiga wurin sai da na tsaya cak. Ban taɓa zaton akwai littattafai da yawa haka a duniya ba, an jibge su har sama da kan mutum, wasu sun girmi kakana, ƙura da ƙanshin tsohuwar takarda sun cika hanci. Na ji kaina ƙarami ƙwarai, ni da ake kira Laburare. A nan na haɗu da Ammu Sabri, wannan tsohon mai rumfa da ke ba ki alewa, Allah ya jiƙansa. Shi ma tsohon soja ne, bai wuce muƙamin samanja ba. Na ce masa ina neman tarihin manyan janar-janar da suka ci yaƙi. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Ya ustaz, tsayuwarka ta soja ce, amma idonka na wanda ya bar aiki ba don ya gaji ba. Waɗancan littattafan na masu son hoto ne. Ungo wannan. In ka gama ka dawo mu yi faɗa.”

Littafin da ya miƙo mini shi ne na saman kwalin, wanda ba shi da bango, na ɗaure shi da zare. Wani tsohon injiniyan soja ne ya rubuta tarihin aikinsa da Larabci. Yawancinsa labarin gadoji ne da hanyoyi, har za ki fara hamma. Ki daure. Can wajen tsakiya akwai babin da ya ba da labarin ranar da ya sa hannu a kan aikin da ya san bai yi ƙwari ba, saboda na gaba da shi yana sauri kuma yana jin nauyinsa. Bai ɗora wa kowa ba. Ya faɗi abin da ya gani, da abin da ya yi shiru a kai, da abin da ya biyo baya. A cikin jirgin ƙasa na metro na karanta wannan babi, ban san na wuce Abbasiya ba sai da jirgi ya kai ƙarshen layi mai shara ya taɓa kafaɗata. Na sauka na zauna a kan benci. Har yau ina mamakin wannan bawan Allah. Mutum ya kai matsayin da kowa ke sara masa, ba wanda ya tuhume shi, amma ya zauna da hannunsa ya rubuta abin kunyarsa, ya sa sunansa, ya kai aka buga don wani baƙo daga wata ƙasa ya karanta bayan ya mutu. Ban san girman mutum yana iya kaiwa nan ba.

Shi za ki fara karantawa. Kuma duk lokacin da za ki zaɓi littafin wani shugaba, ki fara neman inda ya ce ya yi kuskure. In kin juya shi gaba da baya ba ki samu ba, ki mayar wa mai shi. Irin waɗannan masu bango mai sheƙi da ake jerawa a shagunan unguwar Mohandessin, masu alƙawarin mayar da mutum shugaba kafin ƙarshen wata, na sayi da yawa. Mahaifiyarki tana ɗora tukunya mai zafi a kansu, kuma a nan suka fi amfani.

Da na koma wurin Ammu Sabri, sai ya karɓi littafin ya fifita shafukan, ya ɓata rai. Ya ce, “Ba ka karanta ba.” Na rantse na karanta. Ya ce, “Ina rubutunka? Gefen takarda fari fat. Mutum ya buɗe maka cikinsa, kai ko uffan ba ka ce masa ba? Yalla, koma da shi, ga fensir.” A lokacin na ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da na fara zama a da’irar karatu a tsohon masallaci na gane abin da yake nufi. Kin ga irin littattafan nan masu rawayar takarda, matani a tsakiya, sharhi ya kewaye shi, wani sharhin kuma ya kewaye sharhin, abin da suke kira hashiya. Malamai ne da ɗaruruwan shekaru suka raba, suna zance da juna a shafi ɗaya. Abin da ya fi girgiza ni shi ne yadda almajiri zai kawo maganar malaminsa, ya yi masa addu’ar rahama, ya ambace shi da mafi kyawun laƙabi, sannan a layi na gaba ya nuna cewa a wannan wuri malam bai dace ba, ga dalili. Ladabin bai ragu ba, gaskiyar ma ba ta ragu ba. Na riƙe kai na ce, ashe abin nan yana cikin gidanmu tun da can, ni ne ban gani ba. Na je ina nema a bakin janar-janar na ƙasashen waje.

Don haka na sa miki ɗaya daga cikin irin waɗannan, ƙaramin nan na nasihar da wani malamin zamanin baya ya rubuta wa masu mulki. Larabcinsa yana da tauri, amma ke da kika yi shekara bakwai kina faɗa da direbobin motar hayar mikrobas ba Larabcin da zai ba ki tsoro. Ki lura da yadda yake gaya wa mai iko magana mai ɗaci ba tare da ya zage shi ba. Za ki ga rubutuna da fensir a gefen kowane littafi. Wani wurin na yi daidai, wani wurin shirme ne na mutumin da ke cikin fushi da kansa. Ki sa naki a ƙarƙashin nawa, ki gyara ni inda na karkace.

Akwai na wani kurtu, soja marar igiya ko ɗaya, da ya rubuta yadda rayuwar bariki take in an kallo ta daga ƙasa. Wannan ya ba ni kunya fiye da kowanne. Ashe suna ganin komai. Sun san hafsan da ya san sunayensu da wanda ke kiran kowa “kai”, sun san wanda ke leƙa tukunyarsu kafin ya zauna cin nasa. Ki karanta shi kafin a ɗora miki anini, ki sake karanta shi bayan shekara guda. Akwai kuma littafin wata ma’aikaciyar jinya da ta yi aiki a asibitin tanti a lokacin yaƙi, ita wannan ba sai na ce komai ba, ta fi ni sanin abin da za ta gaya miki. Sai mai kaurin nan da ke bayanin yadda ake kai wa runduna ruwa da burodi da takalma. Ba daɗin karatu, na yarda, amma daga shi na gane cewa yawancin abin da ake kira jarumtaka wani ne ya tashi da wuri ya ƙirga buhuna. Na ƙarshe a kan binciken haɗarin jiragen sama ne. Za ki ce me ya haɗa likita da jirgi. Ki karanta ki ga sau nawa mataimakin matuƙi ya hango matsala ya yi ta kewaye-kewaye saboda nauyin babba, har lokaci ya ƙure. Ashe ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba, sai dai namu ya fi kyan suna, tunda ladabi muke ce masa.

Kada ki ɗauka karatun nan ya warkar da ni nan take. Halin da aka sha da nono ba ya fita don an karanta littafi shida. Kin san na yi shekaru ina aikin tafinta a wani asibiti a Mohandessin, ina fassara wa mutanenmu da ke zuwa neman magani. Wata rana aka kawo wani dattijo daga gida, ciwon suga ya ci masa ƙafa. Likita ya duba ya ce a gaya masa sai an yanke ƙafar a cikin makon nan, in ba haka ba ciwon zai hau jikinsa, kuma ba za a iya tsayar da shi ba. Na dubi dattijon, ga rawani, ga ’ya’yansa manya a tsaye. Sai na ji wannan tsohon nauyin ya sauko mini a harshe. Na ce, “Alhaji, likita ya ce ƙafar tana son kulawa sosai, amma komai na Allah ne.” Alhaji ya yi murmushi ya ce to alhamdu lillahi, sai su koma gida a ci gaba da na gargajiya.

A ɗakin akwai Hajja Batula, Bahausar Sudan, mai taimaka wa ma’aikatan jinya, tana naɗe bandeji a gefe. Tana jin Larabci tana jin Hausa. Ba likita ba ce, ba tafinta ba ce, a takarda ma ba ta da hurumin buɗe baki. Ta ajiye bandejin ta ce, “Ma’alish ya ustaz, ba haka daktor ya ce ba.” Sannan ta zo ta durƙusa a gaban gadon har ƙasa, ta gaishe shi kamar yadda ’ya ke gaida uba, ta ce, “Baba, ka yafe mini, ni ƙarama ce. Amma in na bar ka ka fita da wannan magana Allah zai tambaye ni. Daktor ya ce ƙafar nan sai an cire ta, cikin makon nan. In an cire, da izinin Allah za ka koma ka ga jikokinka. In ba a cire ba, ita za ta tafi da kai.” Dattijon ya yi hawaye, ya daɗe yana salati, sannan ya ce a kira likita. Bayan wata biyu ya hau jirgi da sanda, yana ta sa mata albarka.

Na yi karatu a gaban manyan malamai a garin nan, na ga hafsoshi masu lambobi a ƙirji, amma ban taɓa ganin shugabanci tsirararsa kamar na wannan mata a durƙushe ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta rage masa girma ko ƙwayar gero ba, kuma ba ta rage gaskiyar ba. Ni ma ba ta tozarta ni ba, ma’alish, wato a yi haƙuri, ta fara cewa. Abin da na kasa yi a tsaye da anini a kafaɗa, ta yi shi gwiwa a ƙasa. In kin rasa yadda za ki yi wata rana, ki tuna da ita. Aikinki kullum gaya wa manya abin da ba sa son ji ne, wani kanar ne zai ce lafiyarsa lau a sallame shi, wani kwamanda ne zai ce a mayar masa da yaronsa bakin aiki alhali kin san bai warke ba.

To, saura kuskurena na ƙarshe, wanda ban gama yin sa ba sai yau. Wata huɗun nan da na yi ina cewa za mu gani, ba tunani nake yi ba, tsoro nake ji. Ina ganin kakin da za ki sa sai in ga motar Isiya tana juyawa. Na kasa ce miki a’a saboda ba ni da hujja, na kasa ce miki e saboda ba ni da ƙarfin hali, sai na yi abin da na iya tun ina saurayi, na yi shiru na bar lokaci ya yanke hukunci a madadina. Da mahaifiyarki ba ta fantsala mini shayi ba, da Alhamis ta zo ta wuce, in ce ƙaddara ce.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba shiruna ba ne, naki ne. Ummi, ke fa ba ƙaramar mutum ba ce. Ina tsayawa a barandar nan in ga kin fito da sassafe da littafin da ya fi matashin kai kauri, ki kutsa cikin mikrobas zuwa makaranta a Giza, shekara bakwai, sanyi da zafi. Ranar da kuka gama na zauna a cikin taro ina jin an kira sunanki, na kasa tafi, sai kallon hannuwana nake yi ina mamakin yadda Allah ya fitar da irinki daga irina. Na taɓa ganin kin tsayar da jinin wani mutum a bakin titi mutane sun kewaye ki suna ihu, ke kuwa ko gezau. Amma wannan likitar, da ta san ta yi daidai, ta san ranar jirginta, ta san gurbinta zai tafi, ta yi wata huɗu tana kawo mini shayi tana sunkuyar da kai, ba ta ce, “Baba, shirun nan naka yana cutar da ni” ba. Kin ga ruwa ya rufe jan, kin dubi furfurata, kin ce yadda Baba ya gani. Ni na koya miki, kuma ba na so ki hau jirgi da shi.

Ba cewa nake yi ki tafi ba tare da izinina ba. Da kin yi haka da ya yi mini ciwo, ke ma da ba ki ji daɗin tafiyar ba. Neman albarka da kika tsaya yi daidai ne, Allah ya saka miki. Abin da ya rage shi ne ki buɗe baki ki neme ta da ƙarfi, ki gaya wa tsohon nan cewa ya yi kuskure.

Saboda haka ga amsarki, da hannuna, kuma zan maimaita ta da bakina. Na yarda. Ki tafi. Na sa miki albarka a wannan aiki, duniya da lahira, kuma ki yafe mini wata huɗun da na ci miki.

Sharaɗi ɗaya ne. Gobe bayan karin kumallo ki same ni a baranda. In kina so ki durƙusa, ki durƙusa, amma ki ɗago kai ki dube ni, ki gaya mini duk abin da shiruna ya yi miki, kada ki rage komai, kada ki sa masa suga. Zan ji zafi, na sani, ke ma za ki ji nauyi kamar ƙasa ta tsage. Gara ki fara da ni, inda ba ran kowa a ciki, kafin ki je inda akwai.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki gama horo lafiya. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin waraka, ya haɗa ki da na gaba masu jin magana da na ƙasa masu faɗar gaskiya. Ya tsare ki a hanya da bariki da daji, ya tsare waɗanda za a damƙa miki. In kin tashi yin addu’a ki sa da Kofur Isiya da Samanja Buba, Allah ya jiƙansu, ya yafe mini. Na ba Allah ajiyarki, shi da ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinki, mai jiranki gobe da safe.